Hafizi ɗan shekara 16 da lissafin aji huɗu cikin shekara ɗaya

Lamarin da zan bayyana na wani yaro ne ɗan shekara 16, mazaunin Kano, wanda na tsara wa karatun lissafi daga Satumban 2024 zuwa Agustan 2025. Na ɓoye sunansa da na iyayensa da na makarantun da abin ya shafa. Irinsa suna da yawa a gidajenmu: yaran da aka tsayar da bokonsu don su haddace Alƙur'ani, suka sauke, sannan aka dawo ana neman hanyar da za su tarar da sa'anninsu. Abin da ya fi tsaya musu a wuya kusan kullum lissafi ne, domin sauran darussa ana iya shiga tsakiyarsu a kama, shi kuwa kowane babi a kan na bayansa yake zaune.

Yadda aka zo da maganar

Yaron yana aji shida na firamare lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona. Da zaman gida ya yi tsawo, mahaifinsa, wanda ɗan kasuwa ne, ya yanke shawarar kai shi makarantar hadda. Ya yi shekara huɗu a can, ya sauke, haddarsa kuma mai kyau ce bisa shaidar alarammansa. Da ya dawo, waɗanda suka yi firamare tare suna shirin shiga SS2. Makarantun da aka tuntuɓa suka ce JSS1 zai fara, ya zauna da yara 'yan shekara 11 da 12. Yaron bai ce a'a ba, amma mahaifiyarsa ta lura ya daina cin abinci sosai tun ranar da aka faɗa masa.

Buƙatar Alhaji, mahaifin nasa, a fili take. "Malam, yaron da ya riƙe izu sittin a kansa, lissafi ba zai gagare shi ba. Ina so ya zauna WAEC ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara mai zuwa." Yaron kuma injiniyanci yake so. Na bayyana masa cewa mai neman injiniyanci sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, sannan ga JAMB a gaba. Takardar lissafi ta WAEC kanta kashi biyu ce: tambayoyin zaɓi 50 cikin awa ɗaya da rabi, sai tambayoyin rubutu 13 da za a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, biyar na farko dole. Wannan kashi na biyun yana tambayar abin da aka gina cikin shekara shida, kuma mai duba takarda yana bin matakan aiki yana ba da maki. Na ce masa abin da zan iya ɗaukar alkawarinsa shi ne lissafin JSS1 zuwa JSS3, in Allah Ya yarda har da na SS1. Ya yi shiru, sannan ya ce a gwada.

Ko a takarda zai yiwu?

Kafin na amsa sai da na auna lokaci. A galibin makarantu, darasin lissafi minti 40 ne, sau biyar a mako. In aka cire makon dawowa da makonnin jarrabawa da bitar ƙarshen zango, koyarwa ta gaskiya ba ta wuce mako 10 a zango ba. Zango uku ke nan mako 30, wato wajen awa 100 a shekara. Aji huɗu awa 400. Yaron da zai ba lissafi awa biyu a rana, kwana biyar a mako, zai haɗa wannan adadi cikin mako 40. Ga kuma ribar da mai karatu shi kaɗai yake da ita: ba ya jiran aji mai ɗalibai saba'in ya gama kwafar allo.

Riba ta biyu ta fi wannan girma. Manhajar ƙaramar sakandare da hukumar NERDC ta tsara tana zagayowa kan rukunoni iri ɗaya kowace shekara: lambobi, ayyukan tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, aljabara, awo da siffofi, da ƙididdiga. Ana taɓa kowanne a JSS1, a bar shi, a dawo masa a JSS2 bayan yara sun manta rabi, a sake tuni, a ƙara kaɗan. Ga yaro ɗan shekara 12 wannan tsari yana da hikima. Ga wanda ya kai 16, kuma yake zama kullum, maimaicin nan shi ne wurin da za a sami lokaci. Saboda haka ban bi littattafan aji bayan aji ba. Na jera su huɗu, na ɗauki kowane rukuni daga tushensa na bi shi har inda ya tsaya a SS1, sannan na koma na gaba.

Abin da gwajin farko ya nuna

Makon farko gwaji kawai muka yi, da baki da rubutu. Tarawa da ɗebewa a kai yana da sauri ƙwarai, don yana zama a shagon mahaifinsa lokacin hutu. Jadawalin sau ya haddace shi har 12 cikin kwana biyu. Matsalar ta bayyana a kason lamba. Na rubuta masa 1/2 + 1/3, ya amsa nan take 2/5. Ya tara na sama, ya tara na ƙasa. Lamba mai ɗigo yana ganin 0.35 ta fi 0.4 girma saboda 35 ta fi 4. Lambobin ƙasa da sifili bai taɓa haɗuwa da su ba. Tambayar da aka rubuta da jimlolin Turanci kuwa yakan tsinci lambobin ciki ya tara su, ko me tambayar ke nema.

A kan kason lamba muka fi daɗewa, kuma ta ƙofar da ya riga ya sani muka shiga. Na ce ya karanto ayoyin gado na Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12. Ya karanto ba tuntuɓe. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi, duk suna bakinsa, sai dai bai taɓa taɓa su da alƙalami ba. Na ce masa mace ce ta rasu ba ta da ɗa, ta bar miji da uwa da baffa, dukiyarta awaki shida. Ya ce miji rabi, awaki uku. Uwa sulusi, awaki biyu. Sauran ɗaya na baffa. Na ce to miji da uwa nawa suka ɗauka cikin shidan? Ya ce biyar. Na nuna masa 2/5 ɗin da ya rubuta a baya, na tambaye shi ko ta kai rabi ma. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Malam, ashe sai an nemo adadin da kowa zai rabu a cikinsa." Daga nan neman lambar ƙasa ta tarayya ta zama abin da ya gane dalilinsa. Bayan mako biyu na ba shi mas'alar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba: sumuni da sulusi biyu da sudusi da sudusi. Ya mayar da su kan 24, ya sami 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27. Ya ɗauka ya yi kuskure, ya sake, 27 dai. Wannan ita ce mas'alar auli da malaman fara'id suka sani, inda ake mayar da asali 27, sumunin mata ya koma tusu'i. A zama ɗaya ya ga kason da ya wuce ɗaya, ya kuma ga yadda ake rage rabo bisa gwargwado, abin da ya zama mana tsani zuwa babin rashiyo da kashi cikin ɗari.

Watanni uku na farko, Satumba zuwa Nuwamba, a kan lambobi kaɗai suka tafi. Alhaji ya damu. Ya aiko ƙaninsa ya tambaye ni ko yaron ne ba ya ja, don ya duba littafinsa ya ga har yanzu aikin 'yan firamare ake yi. Na ce wa kawun ya gaya wa Alhaji ya ba mu zuwa ƙarshen Janairu. Hujjata ita ce duk wanda na gani yana faɗuwa a aljabara, in aka bi sawu, a kason lamba da alamar ɗebewa ƙafarsa ta fara zamewa. Wanda ya iya tara 1/2 da 1/3 da fahimta, tara 1/x da 1/y ba sabon abu ba ne a wurinsa.

Lambobin ƙasa da sifili sun zo da sauƙi ta hanyar bashi da biya, har muka iso ninka biyu daga cikinsu. A nan bashi ba ya bayani. Sai na sa shi ya jera: 3 sau -2, 2 sau -2, 1 sau -2, 0 sau -2. Ya sami -6, -4, -2, 0. Na ce ya ci gaba da jerin zuwa -1 sau -2 ba tare da ya karya tsarin ba. Ya rubuta 2 da hannunsa. Na fi son wannan a kan in faɗa masa doka, saboda dalilin da zan zo kansa yanzu.

Ƙarfin hadda da haɗarinta

Babban abin da ya bambanta wannan lamari da na sauran yaran da ake yi wa lesin shi ne ƙwaƙwalwar yaron. Misali ɗaya zai gani an warware, ya riƙe shi layi bayan layi. A watan Disamba, da muka shiga aljabara, yana cin duk aikin da na ba shi, ba ya faɗuwa ko ɗaya. Hakan ya sa na yi shakka. Misalin littafi shi ne 3x + 5 = 20. Na juya masa shi: 20 = 5 + 3y. Ya tsaya. Ya ce ba mu yi irin wannan ba. Abin da yake yi shi ne ya haddace siffar misali, ya zuba sababbin lambobi a gurbin tsofaffi. Muddin tambaya ta zo da fuskar da ya sani zai ci, in ta juya baya ta ɓace masa.

Wannan ba laifinsa ba ne, kuma ba aibin hadda ba ne. Shekara huɗu an hore shi a kan cewa canza harafi ɗaya kuskure ne, kuma a fagen Alƙur'ani haka ya kamata. Lissafi kuwa yana neman mutum ya juya abu, ya sake masa tsari, ya gwada hanya ya bar ta. Ka'idoji uku muka kafa daga ranar. Ba na warware misali sama da ɗaya a kan kowane sabon abu. Kowane layi da ya rubuta sai ya faɗi da Hausa dalilin da ya halatta masa tashi daga layin sama zuwa gare shi. In ya sami amsa, sai ya mayar da ita cikin tambayar ya tabbatar da kansa, ba ya tambayata ko daidai ne. Ta ukun ta fi yi masa wuya, domin ya saba da cewa alaramma ne ke tabbatar da karatu. Makonni ya yi yana ɗago kai yana kallon fuskata bayan kowace amsa.

Saurinsa ya ragu na ɗan lokaci, har ya fara ƙosawa. Amma zuwa ƙarshen Janairu yana warware daidaito biyu masu haruffa biyu ta hanyar cirewa da ta musanyawa, yana kuma iya faɗin wacce ta fi sauƙi a tambayar da ke gabansa kafin ya fara. Dokar warware kwadiratik, wato daidaiton da harafinsa ke ninke da kansa (x sau x), na ɓoye masa ita da gangan har sai da ya iya cike murabba'i da kansa, don na san in ya gan ta sau ɗaya zai riƙe ta, kuma ba zai ƙara jin buƙatar sanin inda ta fito ba.

Inda haddar ta yi mana aiki sosai shi ne tsarin bita. Ɗan makarantar hadda ya san cewa ƙari ba ya zama sai da muraja'a, kuma ba ya ganin komawa baya a matsayin ɓata lokaci. Kowace rana minti 25 na farko na tsofaffin tambayoyi ne a gauraye: ɗaya daga jiya, ɗaya daga makon jiya, sauran daga watannin baya, ba tare da an rubuta babin da kowace ta fito ba. Yaran boko da yawa suna guje wa wannan. Shi ko sau ɗaya bai tsallake ba. Sannan zama awa biyu a wuri ɗaya ba ya gajiyar da shi.

Ranakun karatu Asabar zuwa Laraba muka sa, Alhamis da Juma'a hutu, kamar yadda jikinsa ya saba. Alarammansa ya gindaya sharaɗin kada tilawa ta yi rauni, saboda haka bayan Asuba na Alƙur'ani ne, lissafi daga hantsi. Rabin lokacin tare da ni, rabi shi kaɗai. Turanci da kimiyyar ƙaramar sakandare yayarsa ce, wadda ke karatun NCE, ta ɗauke su da yamma. Na roƙe ta abu ɗaya: kullum ta ba shi tambayar lissafi ɗaya mai dogon Turanci, ya karanta a bayyane, ya faɗi da Hausa abin da aka bayar da abin da ake nema, ba tare da ya warware ba. Wannan ɗan aiki na minti goma ya kashe ɗabi'ar tsintar lambobi.

Azumi, zafi da abin da aka yanke

Azumin 2025 ya kama watan Maris. An ba yaron jan tarawihi a masallacin unguwarsu, yana kuma cikin masu tahajjud a goman ƙarshe. Tun farko na san watan ba na sabon karatu ba ne, sai muka mayar da shi awa ɗaya ta bita kawai. Abin da ya ci lokaci fiye da zato shi ne bayan Sallah. Zafin Afrilu, rashin wuta da dare, da zazzaɓin da ya kwantar da shi, suka haɗu suka cinye kusan mako uku. Farkon Mayu muna da jometiri gaba ɗaya a gabanmu, ga BECE, jarrabawar kammala JSS3, da wata makarantar kuɗi ta unguwarsu ta yi masa rajista tana ƙaratowa.

Zane da kamfas da ma'aunin kusurwa ya zo masa da sauƙi. Hannun da ya saba da alƙalami da tawada a kan allo ba ya rawa. Kusurwoyi, dokar Fisagoras, faɗin fili da cikin abu, duk sun tafi da sauri saboda aljabararsa ta tsaya. Hujjar jometiri, inda ake tabbatar da cewa kusurwoyin alwatika sun haɗu digiri 180 ko alwatika biyu daidai suke, nan ya sake gamuwa da tsohuwar jarabar haddace layuka. Na riƙa juya zanen ina canza haruffa.

Dole aka yanke wani abu daga SS1. Na cire logaridim da teburinsa, lissafin zagayen saura, da babin mantiƙi. Ƙididdiga na matse ta cikin mako ɗaya. Na riƙe dokokin lamba mai hawa (irin 2³, wato 2 sau 2 sau 2), tsarin lambobi na tushe biyu da sauransu, rukunan tari, kwadiratik da zanen giraf ɗinsa, da sayin da kosayin da tanjan. Ma'aunina shi ne: babin da wasu babuka ke jingine da shi ba a taɓa shi, wanda yake tsaye shi kaɗai zai iya jira. Logaridim yana jingine da lamba mai hawa, don haka wanda ya riƙe ta biyun zai kama ta farkon cikin 'yan kwanaki duk lokacin da ya same ta.

Sakamako da shawarar da aka yanke

Ya ci lissafi a BECE da kyau. A watan Agusta makarantar da iyayensa suka zaɓa ta yi masa gwajin shiga, kuma bisa roƙona suka ba shi takardar lissafi ta ƙarshen SS1. Malamin lissafinsu ya ce a nasa ɓangaren yaron zai iya zama a SS2. A nan aka sami saɓani. Alhaji yana son SS2, don a rage tazarar da ke tsakaninsa da sa'anninsa zuwa shekara ɗaya. Shugabar makarantar ta nuna cewa bai taɓa zama a ajin fiziks ko kemistiri ba, rubutun Turancinsa bai kai ba tukuna, kuma makaranta tana tura wa WAEC makin aikin aji na shekarun babbar sakandare, shi kuwa ba shi da na SS1.

Na goyi bayan shugabar, duk da cewa aikina ne ake yabo in ya shiga SS2. Fiziks ta SS1 ita ce awo da tafiya da ƙarfi da aiki, kemistiri kuma ƙwayar zarra da alamomi da daidaita haɗi da lissafin mol. Wanda ya tsallake waɗannan zai shiga SS2 yana haddar abin da bai gane ba, kuma wannan yaro na musamman yana da ƙarfin da zai iya yin haka har ya ci jarrabawar zango, ba wanda ya lura sai an je gaba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Na kuma tuna wa Alhaji cewa da JSS1 aka sa shi a 2024, sai 2027 zai ga SS1. Yanzu zai shiga a 2025, ya zauna WAEC a 2028 yana ɗan shekara 19 ko 20, da Alƙur'ani a ƙirjinsa. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne, amma babu dokar da ta sa iyaka a sama. Mahaifiyarsa ce ta rufe maganar. Ta ce, "Alhaji, bara kuka muke yi za a zaunar da shi da ƙannensa. A bar shi ya shiga inda zai ji daɗin karatu."

Ya shiga SS1 ajin kimiyya a Satumban 2025. Sabuwar matsalar ita ce lissafin ajin ya riga ya san mafi yawansa, kuma yaron da ya saba da awa biyu ta aiki mai nauyi zai iya sakin jiki in aka bar shi da maimaici. Na ba da shawarar a sa masa ƙarin lissafi, wanda WAEC da NECO suke jarrabawa a matsayin darasi mai zaman kansa, domin can ne zai haɗu da kalkulas da bekta da zai buƙata a injiniyanci. Makarantar ba ta da malamin darasin, kamar makarantu da yawa a nan. Abin da aka tsayar shi ne ya cike babukan da muka yanke a zangon farko, sannan ya fara ƙarin lissafin ranar Asabar tare da wasu ɗalibai biyu 'yan SS2 da su ma suke nema, in iyayensu sun amince a haɗa kuɗin malami.